Ɗigon Jan Farce a Jikin Amfilifaya

Kwanakin baya aka gayyaci maigidana da abokansa biyu gidan rediyo, aka tambaye su yadda ƙungiyar kiɗansu ta fara. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, sai na ƙara murya. Maigidana ya ce sun fara ne a wani ɗan shago a Kamazou, da jita ɗaya da gangunan aro. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ni ma ina wurin, a bakin ƙofa nake zama da goyo a baya. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya, amma abin da ya gifta ta gaban idona ba ya ɓace mini.

Ɗaki ɗaya muke haya a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Mama. Shagon maigidana manne yake da ɗakinmu, baranda ɗaya ta siminti ta haɗa su. Gyaran rediyo da sifika yake yi, yawanci na coci-coci, ran Lahadi kuma shi ke kaɗa jita a cocinmu. Ni daga ƙauye aka kawo ni, ban san kowa a Kaduna ba. Matan unguwa in sun fara hira sai su zarce Turanci, in bi su da murmushi. Mahaifiyata kuwa sai ta hau tudun bayan gari kafin waya ta same ta.

Cikina na wata bakwai wani dattijo ya kawo gyaran tsohuwar rediyo mai kaset, bai kuma sake dawowa ba. Akwai kaset a ciki, babu ko rubutu a jikinsa. Da rediyon ta tashi sai ga wani mutum yana waƙa da Turanci, murya kamar ta wanda ya yi kuka ya gaji, jita na amsa masa. Ban ji me yake cewa ba, amma na lura yakan faɗi magana sau biyu, a na uku ya ba kansa amsa. Haka matan garinmu ke yi in suna niƙa. Maigidana ya ajiye sukundireba ya zauna. Ranar abincinsa ya huce a kwano.

Abokinsa na coci, wanda ke buga ganguna kuma yake koyarwa a firamare, shi ya ce sunan kiɗan buluz, in an ƙara masa ƙarfi da ganguna kuma ya koma rok. Na ukunsu wani tela ne daga Makera, Musulmi, mai ƙarancin magana. Rediyon shagonsa ya kawo gyara, ya tarar ana jin kaset ɗin. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Oga, wannan ai gurmi ne aka jona wa wuta." Ashe kakansa makaɗin gurmi ne, shi ma ya ɗan koya a ɓoye. Akwai wata jita mai kauri, mai tsirkiya huɗu, da ake kira bes, wadda coci suka yar saboda wuyanta ya tsage. Maigidana ya liƙe ta da gam ya miƙa masa. Tun daga nan suka sa Laraba da Asabar, bayan la'asar, in akwai wuta.

Da na haihu, mace, sai Mama ta kafa doka. Ta tsaya a ƙofar shago da muciya a hannu.

"Ni kunnena ya tsufa, ku ƙarasa shi in kun ga dama. Amma ban da jikata. Ranar da kiɗanku ya tashe ta daga barci, ranar za ku kwashe tarkacenku."

"Mama, ai waƙar raino za mu riƙa yi mata," in ji mai ganga.

"Kai da ko mata ba ka da ita, me ka sani a raino?"

Sai suka fito da dabara. Za su jira yarinya ta yi barcin rana, in goya ta in zauna a bakin ƙofa. Maigidana ya riƙa murɗa maɓallin amfilifaya, na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, kaɗan-kaɗan yana kallona. In na leƙa bayana na ga tana barci, sai in gyaɗa kai, shi kuma ya sa alama a nan, kada a wuce. Lambobin maɓallin duk sun goge, saboda haka ya ce in ara masa jan farcena, ragowar na biki. Da shi ya ɗiga ɗigo na farko.

Mako na gaba suka ce bari a gwada gaba kaɗan. Ba ta farka ba. Aka sake ɗigo. Mai ganga ya cire tsumman da yake rufe gangunansa da shi, nan ma ba ta motsa ba. Suka sa mata suna Manaja.

"Madam, me Manaja ta ce?"

"Tana barci."

"To, Manaja ta sa hannu. A ƙara wuta!"

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan aikin. Duk mako, a wannan lokacin ne kaɗai wani ke jiran abin da zan ce. Sauran kwanaki daga ni sai ita sai wanki. Maigidana ba mugu ba ne, amma in ya sa kai cikin sifika, ko ya rungumi jitar nan, sai ka yi magana sau uku. Ina zaune na ga yadda kiɗansu ya tashi daga kwaikwayon kaset ya zama nasu. Suka fara sa Hausa. Waƙarsu ta farko a kan jiran mota ce a bakin gada, ran da ruwa ya tare mutane.

Ni kuwa an riga an san ni da tsoro. Na kai ta kemis saboda shaƙuwa. Na kai ta saboda na ga maɗigarta na bugawa. Har mai kemis in ya hango ni yakan ce, "Maman Bebi, yau kuma me ta yi, hamma?" Maigidana yakan ce damuwa ce abincina. Shi ya sa da na fara lura da abin, kaina na fara zargi.

Tana wata biyar aka yi wata tsawa da rana tsaka, irin mai girgiza kwanon rufi. Ni kaina sai da na saki kofi. Ɗan maƙwabta, sa'anta, muna jin ihunsa ta katanga. Tawa tana kwance tana kallon yatsunta. Na ce jarumta ce. Bayan nan na lura gwarancin da take yi da safe ya ragu, har ya zo ya tsaya. Dariya tana nan, kuka yana nan, amma ba ta neman haɗa baki da ni. In na yi mata waƙa, bakina take kallo.

Na fara gwada ta in ba kowa. In lallaɓa ta bayanta in buga cokali a faranti. In saki murfin tukunya. Wani lokaci ta juyo, sai in ɗauke ta in yi ta juyi da ita, in yi girki da waƙa. Washegari in sake, shiru. Na fi wata biyu a haka kafin na gane. In ta juyo, ko dai inuwata ce ta faɗa a bango, ko iskar zanina ta taɓa ta, ko kuma murfin ya faɗi a simintin da take zaune a kai. Ran da na rufe labule, na tsaya cak, na buga farantin a sama, ko gashin idonta bai motsa ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Dariyar da za a yi mini ba ita ce babba ba. Abin da ke hana ni barci shi ne ɗigon nan. Sun kai bakwai a lokacin, kuma kowane ɗaya ni na gyaɗa kai aka ɗiga shi, da jan farcena. Na ƙudurta a raina cewa kiɗan ne ya kashe mata kunne, ni kuma na goya ta na kai ta bakin ƙofa. A coci mata na cewa, "Kai, 'yarki akwai haƙuri, ko a wa'azi ba ta damun mutane." In ce na gode. Na kira mahaifiyata sau biyu da niyyar faɗa mata. Da ta ce yaya jikata, na ce lafiya lau, muka koma maganar gyaɗa.

Sau ɗaya na gwada yi wa maigidana maganar. Yana liƙa waya da dalma, hayaƙi na tashi.

"Baban Bebi, anya yarinyar nan tana ji kuwa?"

Bai ɗago ba. "Wadda ke rawa in tela ya kaɗa? Ke dai. Kin gama da maɗiga, kin koma kunne."

Gaskiyarsa, tana rawa. In tana zaune a baranda tela ya ja tsirkiyar nan mai kauri, sai ta hau jijjiga tana tafi. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado.

Tana wata goma sha ɗaya aka fara gayyatarsu wasa, bikin wani ɗan cocinmu a Mahuta, ran wata Asabar. Laraba kafin nan suka haɗu gwajin ƙarshe. Mai ganga ya aro makirfo. Ranar ba ta yi barci ba, amma an daɗe da daina jira, an riga an yarda Manaja ba ta da matsala. Tana zaune a baranda ta ba shago baya, tana cizon ludayi. Maigidana ya matso da makirfon kusa da sifika, sai abin ya yi wata ƙara mai tsini, kamar an soka wa mutum allura a kunne. Mama ta saki kwanon wake. Kaji suka watse. Mai ganga ya toshe kunnuwa, da ƙarar ta tsaya kuma ya fashe da dariya.

"Ku ga Manaja! Ko gezau! Wannan 'yar gado ce."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Baban Bebi, kira ta."

"Me?"

"Kada ka matsa. Daga nan inda kake, kira ta."

Ya kalli abokansa yana murmushi, irin na a yi haƙuri da madam. Ya kira ta. Ya sake kira da ƙarfi. Ya yi tafi. Ya ja jitarsa ta yi kuka. Tana nan da ludayinta. Murmushin ya fara barin fuskarsa. Sai ya ce wa tela, "Kaɗa mata naka." Tela ya ja tsirkiya ɗaya. Nan take ta saki ludayi, ta dafa siminti da tafi biyu, ta waiwayo tana dariya.

"Kin gani?" in ji maigidana. "Kin gani ko? Kin tsorata mutane a banza."

Na ɗauke ta na sauka daga baranda. Tsakar gidanmu yashi ne. Na zaunar da ita a kan yashin, bayanta ga shago, na koma gefe inda inuwata ba za ta kai gare ta ba.

"Malam, sake kaɗawa."

Tela ya kalle ni, ya kaɗa. Ba ta juyo ba. Ya sake. Ta tsinci wani ɗan dutse tana juya shi. Maigidana ya kai hannu ga maɓallin, ya wuce ɗigo na bakwai, ya murɗa har ƙarshe. Gilashin tagarmu ya ɗauki rawa, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ita kuwa dutsen take ƙoƙarin kai wa baki. Tela ya ɗora tafinsa a kan tsirkiyoyin, komai ya yi tsit. Na ji yana salati a hankali.

Mama ce ta fara magana. "Ya Yesu. Ni na kafa dokar nan." Ta durƙusa tana tsince waken da ya zube. Maigidana ya sauko ya tsuguna a gaban yarinyar, ya cire dutsen daga hannunta. Ta ga fuskarsa ta yi masa dariya.

Sun je bikin ran Asabar, don an riga an yi alkawari. Ni ban je ba. An ce mutane sun tsaya da cin shinkafa suna kallonsu, wasu tsofaffi kuma suka ce wannan wane irin kiɗan makoki ne a gidan biki. Wasansu na farko ke nan. Maigidana ya ce shi bai tuna ko waƙa ɗaya da suka yi ba.

Ran Litinin muka haye gada zuwa babban asibiti. Aka tura mu nan, aka tura mu can, aka ba mu wata rana. Da ranar ta zo suka jira ta yi barci, suka liƙa mata wayoyi a kai, suka sa mata wani abu a kunne. Na riƙe ƙafarta. Likitar mace ce, ta fara bayani da Turanci, da ta ga fuskata sai ta koma Hausa. Ta ce kunnen dama babu, na hagu akwai ɗan saura, sauti mai kauri kaɗai yake kamawa, shi ma in ya yi ƙarfi.

Na ce, "Likita, kiɗa ne ya yi mata?"

Ta sa na ba ta labarin duka, har da jan farcen. Ba ta yi dariya ba. Ta ce yadda ta gani da matsalar aka haife ta, tun da tun ɗigon farko ba ta taɓa farkawa ba. Ta ce amma irin wannan ƙarar ba ta da kyau ga kowane jariri, kuma ɗan sauran nan na hagu a kiyaye shi. Ta kalli maigidana ta ce har da nasa kunnen. A cikin Keke muna dawowa na yi ta kuka, ban san ko na baƙin ciki ba ne ko na an sauke mini dutse daga ƙirji. Shi yana kallon kogi.

Ya rataye jitar a ƙusa. Ko a coci ya ce a nemi wani. Laraba ta zo ta wuce, Asabar ta wuce, babu wanda ya zo. Mai ganga ya mayar da gangunan aro. Da ina ganin na san kaɗaici, ashe ban sani ba. Gidan ya yi shiru, mutum uku a ɗaki ɗaya babu mai magana. Yakan ɗauke ta ya rungume, amma ya daina kiranta, ya daina yi mata wasa da baki. Ni ce dai nake ta yi mata surutu, don likita ta ce kada in daina, ta riƙa ganin bakina.

Ita kuwa ba ta san an daina ba. Kullum bayan la'asar sai ta rarrafa zuwa ƙofar shago, ta dafa babbar sifikar nan ta miƙe, ta manna tafinta a jiki. Ta jira. Ta bubbuga ta, ta waiwayo ta kalle ni. Maigidana yana zaune a wurin yana gyaran rediyon wani, sai ya juya mata baya. Kusan wata uku ana haka.

Wata Litinin na goya ta na hau Keke zuwa Makera. Ban taɓa zuwa ko'ina ni kaɗai ba in ba kasuwa da coci da kemis ba. Ban san shagonsa ba, sai na shiga layin teloli ina tambaya, "Don Allah ina telan nan mai kaɗa jita?" Kafin in kai shago na huɗu ya fito da sauri, tef a wuya.

"Madam, a hankali mana! Nan ba su san ina kiɗa ba."

"To yanzu sun sani. Malam, jibi Laraba ka zo."

"Oga ne ya aiko ki?"

"Manaja ce."

Ya kalli goyona. Sannan ya shiga ya fito da wata 'yar riga da ya ɗinka da ragowar atamfa, ya ce tun tuni take ajiye, kunyar zuwa ce ta hana shi.

Ran Laraba ya zo, ya biya ya ɗauko mai ganga. Maigidana ya gan su ya ci gaba da aikinsa. Ni na ɗauki reza na kankare ɗigon nan bakwai a gabansu. Jan ya maƙale a cikin tsagin ƙarfen, har yau in ka duba da kyau za ka gani. Na ce a kwantar da sifikar a ƙasa, a ɗora mata katako, a rage wuta sosai yadda likita ta ce. Na zaunar da ita a kan katakon. Tela ya fara shi kaɗai, a hankali, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe ido, ta dafa katakon, ta hau jijjiga. Mai ganga, da yake babu ganguna, ya shigo da buga ƙafa a siminti kawai. Sun daɗe a haka su biyu kafin maigidana ya tashi ya sauke jitar daga ƙusa. Ƙura ta yi mata yawa, da gefen zanina ya goge.

Tun daga ranar kowace waƙarsu da bes take farawa, shi kaɗai, ya yi ta tafiya kafin sauran su shigo. Yanzu suna wasa a wurare, wani lokaci har Abuja, ni da ita mu kwana biyu mu kaɗai. Shekararta shida. Tana makarantar kurame a ƙetaren kogi, tana sa na'ura a kunnen hagu. Ni ma na koyi maganar hannu, a bayan aji nake zama tare da iyaye, kuma wannan karon ban tsaya a hanya ba. Ba ta taɓa jin muryata yadda take ba. In ina so in yi mata waƙa, hannunta nake ɗorawa a maƙogwarona.

A rediyon nan, mai tambaya ya ce musu me ya sa kullum bes ke buɗe musu waƙa. Na tsaya da tsintar shinkafa. Maigidana ya ce, "Haka dai muka saba." Mai ganga ya kawo wata barkwanci, aka wuce wurin.

Tana wasa a yashi, ta ga na ƙura wa rediyo ido. Ta taso ta ɗora tafinta a kai yadda ta saba yi wa duk abin da ke da sifika. Ta jira kaɗan, ta yamutsa fuska, ta yi mini alama da hannu cewa ba kiɗa ba ne, surutu ne kawai. Na ajiye tire na nuna mata cewa babanta ne ke magana. Ta mayar da tafin ta manna, ba ta ɗauke ba har aka gama shirin.